Baki Tamanin, Kunne Biyu

A watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa a Nijar. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. An sha muhawara a kan rabin farko na wannan magana, wasu na murna, wasu na ƙorafin an danne sauran harsunanmu. Rabi na biyu kuwa kusan ba wanda ya tsaya a kansa, alhali shi ya fi ɗaure mini kai. Harshen aiki harshe ne da ake buɗe baki a yi magana da shi, a ofis, a waya, a wurin ciniki, a gaban baƙo. To su wa za su yi wannan maganar? Ingilishi zan riƙa cewa a nan, don a wajenmu in ka ce Turanci, wani dattijo zai ɗauka yaren Faransa kake nufi.

Yaronmu yana fara Ingilishi a ajin sizyam, shekarar farko ta kwalej. Shekara huɗu a kwalej, uku a lise, bakwai ke nan in bai maimaita aji ba. Mai karatu ya san sauran labarin. Ka tsayar da mai bakaloriya ka tambaye shi hanya da Ingilishi, zai yi murmushi, ya sosa ƙeya, ya ce yana ji sarai, mayarwa ce ke ba shi wuya. Ga kuma ɗan kasuwar Maraɗi da bai taɓa taka lakwal ba, yana ƙetara Ɗan Isa da Jibiya, ya dangana da Legas, ya yi cinikin miliyoyi da ɗan burokansa, ya dawo gida ba a cuce shi ba. Shi buƙata ce ta buɗe masa baki. Ɗan lakwal kuwa shekara bakwai yana kwafar abin da ke kan allo.

Shi ya sa na karɓi wani ɗan littafi hannu bibbiyu da wani mushe abokina ya ara mini shi. Sunansa Simple Speaking Activities, na Jill Hadfield da Charles Hadfield, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1999 cikin jerin da ta kira Oxford Basics. Siriri ne, a zama ɗaya ake karance shi. Darasi 30 ne a ciki, duka na ƴan farawa, kowanne an gina shi don yara su yi magana da junansu. Alkawarin littafin shi ne malami ba ya buƙatar komai sai allo da alli da takarda da abin rubutu. Marubutan sun yi aikin koyarwa a Sin da Madagaska, wato ba ajin Ingila kaɗai suka sani ba, kuma ana ganin alamar hakan.

Wanda ya san littafin da Jill Hadfield ta fitar ita kaɗai a 1984, Elementary Communication Games, zai gane nisan tafiyar da aka yi. Wancan wasanni 40 ne masu daɗi, amma sun dogara da ƴan katuna da hotuna da sai an kai wurin mai injin kwafi, a dawo a zauna da almakashi a yanka. A ce shafi ɗaya dala biyar ne, yara tamanin, jika biyu ke nan a darasi guda, daga aljihun malamin kwantaragi da ke jiran albashi. Ba mai yi. Na 1999 ya kawar da wannan uzuri gaba ɗaya, kuma ko don wannan kaɗai ya cancanci yabo. Tsarin darasin ma a sarari yake: malami ya shimfiɗa, ya nuna yadda za a yi, ya saki yara su yi da bakinsu, daga baya a taru a gyara kurakurai, tare da ɗan bayani a kan furucin da zai iya ba su wuya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bayan wannan salo hujjar lissafi ce, kuma ni da nake rayuwa da agogon situdiyo na fi kowa yarda da ita. Mu ɗauki darasin awa guda da yara 80. Kiran suna, share allo, rubutu, bayani da tsawatar da na baya sun ci minti 40. Saura 20. In malami zai riƙa nuna yaro ɗaya bayan ɗaya, kuma ya yi adalcin da ba a taɓa yi ba, kowane yaro zai samu daƙiƙa 15. Ba ta isa ko gaisuwar mai kiran waya a shirin zaɓen faifai ba. A zahiri ma yara biyar ne na benci na gaba ke cinye minti ashirin ɗin, sauran saba'in da biyar ƴan kallo ne. Amma in aka haɗa su bibbiyu aka ba su minti 10, mutum arba'in ke magana a lokaci guda, kowa ya samu minti biyar, ninki ashirin na abin da zai samu a da. Duk wanda zai soki aikin bibbiyu sai ya fara amsa wannan lissafi.

Hujja ta biyu ita ce giɓin labari. A ajin da muka saba, mushe ya ɗaga bik sama ya tambaya da Ingilishi, mene ne wannan? Kowa na ganin bik ne, shi ma mai tambayar ya sani. Wannan ba tambaya ba ce, jarrabawa ce da ta sa rigar tambaya. A aikinmu na rediyo hirar da ta fi mutuwa ita ce wadda mai gabatarwa ya riga ya san amsa, baƙo ma ya san ya sani. Mai sauraro yana jin mutuwar tun daga muryoyinsu, sai ya murɗa akwati. Dabarar irin waɗannan littattafai ita ce a ba wannan yaro abin da wancan bai sani ba, ta yadda sai ya tambaya zai samu. Ɗaya ya zana agogo ya ɓoye, ɗaya ya tambayi ƙarfe nawa ne ya zana nasa, a gwada a ga ko sun dace. Tunanin ya yi ƙarfi ne a shekarun 1970, bayan masana irin su Dell Hymes na Amurka sun nuna cewa sanin harshe ya wuce sanin nahawunsa, ya haɗa da sanin abin da ake faɗa wa wane, a ina, da wace murya.

To a nan ne ƙorafina ya fara, kuma da sandar Hymes ɗin zan yi dukan. In har sanin harshe ya haɗa da sanin abin da ya dace a faɗa, to yaron da ke zaune a benci ya riga ya zo daga gida da cikakken ilimin abin da ake faɗa da abin da ake haɗiyewa. Jerin darussan littafin ya bi abin da ake ɗauka rayuwar kowa da kowa ce: gaisuwa, lambobi, lokaci, bayanin kai, yanayin zuciya, iyali, ɗakunan gida, kwatancen hanya, kasuwa, abinci, sana'o'i. A ido ba laifi. Sai ka ɗauki darasin iyali ka kai shi wani aji a Tasawa ko Madawa.

Abin da aka saba tambaya a irin wannan darasi ko'ina a duniya shi ne sunan mahaifinka, sunan mahaifiyarka, ƴan uwanka nawa. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta kama sunan ubanta gatsal a bainar jama'a, balle na uwarta, balle a gaban yara maza da za su mayar da shi abin tsokana a filin wasa. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wanda aka sa wa sunan kaka ma sai an yi masa lakabi. In ta sunkuyar da kai ta yi shiru, malamin da bai lura ba zai rubuta cewa ba ta iya ba, alhali ta iya, kunya ce ta riƙe ta. Ƙidayar ƴan uwa kuma wata rigima ce. Na ɗaki ɗaya ko na uba ɗaya? Ɗan baffan da aka riƙe a gidan tun yana goye fa? Wasu gidajen ma ba a son ƙidaya ƴaƴa da baki, don gudun bakin mutane. Sannan kalmomin Ingilishin kansu sun yi wa zumuntarmu kaɗan. Kalma ɗaya ce ta haɗa kawu da baffa, ɗaya ta haɗa gwaggo da inna, ɗaya ta haɗa wa da ƙane, alhali a wajenmu bambancin wa da ƙane shi ne bambancin mai aike da wanda ake aika. Abokiyar zaman uwa kuwa ba ta da mazauni sam. Kalmar da ke kusa da ita tana ɗauka cewa uwar ta rasu ko ta fita. Ban ce a jefar da darasin ba. Maganinsa mai sauƙi ne: a zana iyalin ƙirƙira a allo, gidan wani Malam Wane mai mata biyu da ƴaƴa tara, kowa ya yi magana a kansu ba tare da an taɓa gidan kowa ba. Amma sai malamin da ya san inda ƙaya take zai yi wannan gyara, kuma littafin da aka rubuta don duniya duka ba zai iya nuna masa ita ba.

Haka darasin yanayin zuciya. Yaron da aka koya wa amsa "lafiya lau" ko da zazzaɓi na kaɗa shi, ba ya tashi a gaban mutum tamanin ya ce yana baƙin ciki ko yana jin yunwa. Na biyun ma ya fi ciwo, don a wasu azuzuwan gaskiya ce tsagwaronta. Tambayar me ka ci da safe, wadda a Ingila hira ce kawai, a nan tana iya zama tonon asiri. Shekaru nawa gare ka, yaushe aka haife ka: yara da yawa takardarsu a kotu aka yi ta daga baya, shi ya sa za ka tarar da layi guda na yara duk an haife su 1 ga Janairu. Darasin ɗakunan gida kuma na gidan bene ne irin na birnin Turai. Ina zaure, ina tsakar gida, ina turaka, ina rumbu, ina garke? Yaro zai haddace sunan ɗakin cin abinci da bai taɓa gani ba, ya kasa kwatanta gidan da ya kwana a ciki.

Kwatancen hanya ya fi ba ni dariya. Mu ba mu cika cewa dama da hagu ba. Gabas muke cewa, da yamma, da arewa, da gusum, har a cikin ɗaki: matsa gabas kaɗan, tulun yana yamma da ƙofa. Titunanmu da yawa ba su da sunan da mutane ke amfani da shi. Da masallacin Juma'a ake kwatance, da famfo, da mai shayi, da babban dogon yaro. Malamin da ya zana taswirar unguwar da makarantar take, ya bar yara su fara da gabas da yamma kafin ya kawo musu dama da hagu, zai ga hannaye a sama.

Darasin kasuwa shi ne wanda ya kamata ya zama sarkin littafin a wajenmu, don a nan yaranmu suka fi yaran Ingila nesa ba kusa ba. Yarinyar da ta yi talla tun tana shekara bakwai ta san taya, ta san albarka, ta san yin kamar za ta tafi, ta san neman gyara. Ciniki shi ne giɓin labari na asali: mai kaya ya san kuɗin da zai sallama, mai saye ya san abin da ke aljihunsa, kowa na ɓoye nasa. Ba sai an koya musu wasan ba, kalmomin kawai suke nema. Sai dai akwai tarkon da ba wani marubucin waje da zai hango. Mu da dala muke ƙidaya. In yarinya ta ce ashirin, sefa ɗari take nufi. In ta ce ɗari, ɗari biyar ce. Jika kuma dubu. Kenan kafin ta faɗi kuɗin tumatir da Ingilishi sai ta ninka da biyar a kanta, galibi ta ratsa ta Faransanci, sannan ta fito. Harshe uku da lissafi guda a cikin daƙiƙa biyu. In ta yi jinkiri, lissafi take yi. Ga kuma bambancin sha uku da talatin, sha huɗu da arba'in, wanda a Ingilishi ya rataya ga ƙarshen kalma da inda aka danna murya. Wannan ya cancanci mako guda shi kaɗai, don a kansa ake asarar kuɗi a tasha.

Sai maganar hayaniya. Mutum arba'in na magana a lokaci guda ƙara ce, ba makawa. A ajin siminti mai ƙofa ana iya jurewa. A ajin zana, inda abin da ya raba ka da mai koyar da lissafi karan dawa ne, minti goman nan na iya jawo maka faɗa da abokin aiki, ko shugaban makaranta ya leƙo ya ga malami ya kasa riƙe aji. A tunanin da muka gada, aji mai kyau shi ne aji mai shiru. An daɗe ana gina wannan shirun. Iyayenmu da yayyenmu suna ba da labarin sambol, abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana yaren gida a lakwal, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Makarantar da ta shafe tsawon zamani tana koya wa yaro cewa buɗe baki haɗari ne, ba za ta ce masa yau yi magana ya yi ba. Gyaran wannan ya fi ƙarfin malamin Ingilishi shi kaɗai, sai da yardar shugaban makaranta da masu duba malamai.

Akwai kuma tambayar da masu son aikin bibbiyu ba sa son a yi musu: baki tamanin, kunnen malami biyu, wa ke jin kuskure? Wannan ba ƙorafin ƴan baya ba ne. N. S. Prabhu, wanda ya jagoranci gwajin Bangalor a kudancin Indiya daga 1979 zuwa 1984, yana daga cikin waɗanda suka fi kowa tallata koyarwa ta hanyar ba yara aikin warwarewa, irin karanta jadawalin jirgin ƙasa ko bin taswira. Amma shi kansa bai yarda da sakin yara rukuni-rukuni ba, don yana tsoron su riƙa shan kurakuran juna har su daskare a bakinsu. Azuzuwansa sun fi kama da namu fiye da na Landan. Ni dai ina ganin tsoron nasa ya ɗan yi yawa, don wanda bai yi magana ba sam ba shi da kuskuren da za a gyara. Merrill Swain ta nuna a 1985, daga yaran Kanada da aka yi wa karatu duka da Faransanci, cewa shekaru na sauraro suna ba da fahimta mai kyau amma ba sa gyara baki, sai an tura yaro ya furta. Duk da haka gargaɗin Prabhu yana nuna inda nauyin yake. Matakin ƙarshe na darasi, na taruwa a gyara, shi ne wanda ƙararrawa ke cinyewa kullum, kuma in ya faɗi, sauran ya zama surutu. Ga kuma gaskiyar da kowane malami ya sani: da ya juya baya, rabin ajin sun koma Hausa ko Zabarmanci. A ganina gara ya bayyana dokar wasan da Hausa cikin minti ɗaya, ya ajiye Ingilishin don wasan kansa, da ya kashe minti goma yana bayani da harshen da ba su kai ga ji ba tukuna.

Zan kuma kare abin da masu sabon salo suke raina wa, wato amshi. Malami ya faɗa, aji ya maimaita baki ɗaya. Gaskiya ne aku ma yana yi. Amma ga yarinyar da ke tsoron muryarta, amshi mafaka ce: tana gwada baƙon sauti a cikin taro ba wanda ya ji ta. Mu da muka yi makarantar allo mun san darajar biyawa da ƙarfi har harshe ya saba, kuma mun san wani abu da ake ta kawo mana daga waje kamar sabo: babban almajiri yana biya wa ƙarami, kowa da allonsa, kowa da inda ya kai, malam ɗaya yana sauraron kowa. Michael West, Baturen Ingila da ya daɗe yana horar da malamai a Dakka ta ƙasar Bengal, ya rubuta littafi a 1960 a kan koyar da Ingilishi cikin mawuyacin hali, yana nufin aji mai yara fiye da talatin, matse a benci, cikin zafi, da malamin da shi ma Ingilishinsa bai nuna ba. Talatin! Mu da za mu samu talatin ai sai mu yi walima. Dabararsa ita ce yaro ya dubi jimla a takarda, ya ɗaga kai, ya faɗa wa wani mutum ita yana kallonsa. Wannan ɗan ɗaga kan shi ne gada tsakanin karatu da magana, kuma ba ya cin ko dala. Da ni ke shirya malamai, da shi zan sa su fara kafin kowane wasa na littafin Hadfield.

Wani abin da ba ya cin kuɗi shi ne jira. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 ta tarar malamai suna jiran kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kafin su maimaita ko su nuna wani. Da aka sa su jira uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. A rediyo an horar da mu mu ji tsoron shiru kamar mutuwa, amma duk wanda ya taɓa miƙa wa yaro makirufo ya san in ka cike masa shirun da bakinka, ka rasa shi. Yaron Rowe da harshen uwarsa yake amsawa. Namu yana ratsa harsuna uku. In wancan na buƙatar daƙiƙa uku, namu biyar ma ba ta yi yawa ba.

Bayanan furuci na littafin an yi su ne don kowa, don haka ba su san bakin Bahaushen da ya bi ta Faransanci ba. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe, kuma tana son kalma ta ƙare da wasali. Dubi yadda muka yi da burodi, da bokiti, da fursuna. Sai Faransanci ya zo ya yi shekara shida a firamare yana koya wa yaro cewa harafin ƙarshe ado ne, ba a furta shi. Ranar da ya shiga sizyam, Ingilishi ya ce masa a wannan harafin na ƙarshe jam'i yake, a nan shuɗaɗɗen lokaci yake. Dole ya haɗiye su. Harafin h ma haka: yaro ya zo da shi daga gida lafiya lau, yana cewa hannu, yana cewa hula, mu na nan ma har hita da hwari muke cewa, amma da ya gan shi a rubucen boko sai ya tsallake shi don haka Faransanci ya saba masa. A ɗaya gefen, Hausa tana da kyautar da ba a amfani da ita. Bambancin gajeren wasali da dogo, wanda ke wahalar da Bafaranshe a kalmomin Ingilishi na jirgin ruwa da tunkiya, yaronmu yana yin sa kullum tsakanin garin da ake zama da garin da ake tuwo. Minti biyu na wannan kwatanci ya fi shafi guda na bayani. Irin wannan ƙarin malamanmu ne za su rubuta shi, na sashen Ingilishi na Jami'ar Abdu Mumuni da waɗanda suka ga jiya a kwalejoji. An taɓa yi: English for the Sahel, wanda da yawanmu muka karanta, don yaran wannan ƙasa aka tsara shi, da hannun ƴan sa-kai na Amurka da suka fara zuwa Nijar a 1962, aka kwashe su a Janairun 2011.

Hukuncina a kan littafin: malamin sizyam da sankiyam ya neme shi, ya ɗauki ƙashin darasin, ya zubar da kayan cikin da ba su dace ba ya zuba na unguwarsu. Darussan lambobi, lokaci, kasuwa, sana'o'i da ayyukan yau da kullum za su yi aiki da ɗan gyara. Na iyali, na zuciya da na ɗakunan gida sai an sake musu riga gaba ɗaya. Malamin da shi kansa bai saba jin Ingilishi a kunnensa ba kuwa, littafin ba zai ba shi murya ba, don takarda ce.

A nan ne nake ganin laifinmu mu ƴan rediyo. Muryar Amurka ta fara shirin Ingilishi mai sauƙi a 1959, da kalmomi kusan 1,500, ana karantawa a hankali. A Kenya, a farkon shekarun 1980, an yi shirin koyar da Ingilishi ta rediyo ga ƴan aji ɗaya zuwa uku na firamare, rabin awa kowace rana, inda muryar akwati ke tambaya ta yi shiru, yara su amsa da baki, malami yana tsaye yana nuna wanda zai yi. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tun 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a nan. Yau kusan kowace jiha tana da gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara, kuma ƙaramar akwatin da ke cin katin waya tana hannun kowane mai shayi. Shirin minti goma sha biyar, murya biyu, mace da namiji, suna cinikin albasa da Ingilishi, a naɗa a tura wa malamai ta WhatsApp, bai fi ƙarfin kowace tasha ba. Abin da zai fi ba mai haɗa shirin wuya shi ne barin giɓin amsa: ya ƙidaya biyar cif a zuciyarsa bayan kowace tambaya, injiniya yana harararsa ta gilashi yana nuna masa allurar sauti ta kwanta.